Shekara huɗu ina shan maganin ƙwaƙwalwa, na gaji, in aje shi?

Tela_Mabera: Salamu alaikum jama'ar gida. Shawara nika biɗa, kuma don Allah ban son wasa cikin wagga magana. Shekara huɗu ke nan ina shan magani da anka rubuta min asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, olanzafin, ƙwaya guda da dare. Alhamdu lillahi tun da nih hwara ban koma jin muryoyin nan ba, na bar tsarguwa da mutane, na koma shagona ina ɗumki. Amma wallahi maganin ya gajishe ni. Da kilo 59 nish shiga, yanzu ina 84, kaftanin sallar bara ya ƙi shiga ta, ni da nika ɗumka ma mutane. Kwana kau ba a magana, in na sha ƙarhe goma ba ni tashi sai rana ta hito, na mance rabona da Asuba cikin jam'i. Ga yunwar tsakad dare, sai in tashi in kwashe sauran tuwo da sanyinai. Yanzu ga maganar aure ta taso bayan babbar salla. Tunda na samu lahiya, mi za ya hana in aje shi hakanan?

Maman_Ilham: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa don girman Allah kada ka aje. Ƙanena haka ya yi, shekara biyu yana lafiya lau har ya koma makaranta, sai ya ce ya warke ya daina sha ba wanda ya sani, yana ɗaukar ƙwayar a gaban Inna yana tura ta ƙarƙashin katifa. Wata uku ba mu ga komai ba, har ya faɗa ya yi kyau muna murna. A na huɗu barci ya ɗauke masa, sai surutu da dare, ranar da abin ya kai maƙura a hanyar Dange aka tsinto shi ba takalmi. Sati biyar ya yi a kwance a asibiti, da muka ɗaga katifar ƙwayoyi ne jibge sun fi hannu biyu. Kuma maganin da aka sallame shi da shi ya fi na farko yawa.

Bello_Kabukabu: Allah shi ba da lahiya, shi sa kaffara ta.

Abu_Sumayya: Ni fa ban yarda mutum ya dawwama a kan ƙwayar bature ba har ƙarshen rayuwarsa. Wannan ƙiba da barcin ai alama ce jiki ya ƙi maganin. Ka nemi malamin ruƙiyya na sunna, ka riƙe azkar na safe da yamma, man habbatus sauda da zuma, ka ga ikon Allah. Kuma ƙwayoyin nan ƙoda suke ci, kowa ya sani.

Maman_Ilham: @Abu_Sumayya mu ma mun yi ruƙiyyar nan malam, shekara guda cur kafin mu je asibiti, kuma har yau Inna ba ta fasa tofi ba. Wa ya ce sai an zaɓi ɗaya?

Nas_Asabe: Bari in sa baki tunda aikina ne, na daɗe a ɓangaren masu wannan lalurar. Malam Tela abin da ka lissafa duk sananne ne a olanzafin, ba kai kaɗai ba ne kuma ba kwaɗayi ba ne, maganin ne ke buɗe ciki ya sa mutum ya ci bai ji ya ƙoshi ba. Abin da ya fi damuna ma ba kaftanin ba ne, kilo 25 ba wasa ba ne, wannan maganin yana iya tayar da suga da kitsen jini. Yaushe rabon da a auna maka suga da hawan jini? In ba a yi ba ka roƙa a yi. Batun "na warke" kuwa, lafiyar da kake ji maganin ne ke riƙe da ita, kamar mai hawan jini da ya sha ƙwaya awo ya yi kyau. Kuma ciwon ba ya dawowa washegari, abin da ke ruɗin mutane ke nan, sai ya yi makonni ko watanni, kamar dai yadda Maman Ilham ta faɗa. Amma ba wai babu mafita ba. Likita zai iya rage yawansa a hankali yana lura da kai, zai iya canja maka zuwa wani da ba ya sa ƙiba sosai kamar arififirazol in akwai shi kuma aljihu zai ɗauka, wasu ana haɗa musu da metformin, maganin suga, saboda nauyin. Akwai ma waɗanda ake janye wa gaba ɗaya bayan shekaru, amma ya danganta da irin ciwon da sau nawa ya taɓa tashi, kuma ba a gida ake yanke wannan ba. Barcin kuma, ƙarfe goma ya yi dare, tambayi likitanka ko za ka dawo da shi bayan Magariba ko Isha'i.

Nas_Asabe: @Abu_Sumayya ba kowanne ke taɓa ƙoda ba malam. Wanda aka sani da wannan shi ne litiyom, shi ya sa masu shansa ake musu gwajin jini akai-akai. Kada mu haɗa su duka mu tsorata mutane.

Tela_Mabera: Anti Nas na gode. Gaskiya ba a taɓa auna min suga ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. In na shiga likita ya ce ƙaƙa jiki, in ce lahiya lau, ya ce kana kwana, in ce ina yi, shi rubuta in hito. Kunya nika ji in ce mai ina cin tuwo tsakad dare.

Dogo_Illela: Hhhh "kana kwana, ina yi". Ai nan matsalar take, mu duka haka muke, lafiya lau ko da mutum na mutuwa. Likita ba boka ba ne da zai duba ƙasa ya gano. Ni sai da matata ta fara bi na tana tona min asiri a gaban likita sannan aka gyara min magani.

Dogo_Illela: Ni allurar wata-wata nake yi, Modecate, shekara tara. Nawa ba ƙiba ba ne, sandarewa ce. Farkon fara ta wuyana ya juye gefe guda, harshe ya yi nauyi, miyau na zuba, idanuna suka kafe sama ba na iya sauko da su, a cikin motar Illela abin ya same ni muna dawowa, wata tsohuwa ta fara a'uziyya tana cewa iska ne, direba ya tsaya aka zuba min ruwa. Da aka mayar da ni asibiti allura ɗaya aka yi min ko rabin awa ba a yi ba wuyan ya saki kamar ba ni ba. Tun daga nan aka haɗa min da Artane, ƙwayar hana sandarewar. Abin da har yau ban rabu da shi ba shi ne rashin zama wuri ɗaya, ƙafafuna kamar ana kunna musu inji, a masallaci ranar Juma'a in liman ya ja huɗuba sai in riƙa gyara zama har na kusa da ni ya fara kallona.

Yar_Arkilla: @Dogo_Illela wannan rashin zaman ka faɗa wa likita kuwa? Babana ya yi irinsa, muka ɗauka ciwon ne ke tashi ashe maganin ne, da aka rage aka ƙara masa wata ƙwaya ya samu sauƙi.

Bello_Kabukabu: Artane ba shi na exol da yara ka sha ba? To ai ƙwaya ta.

Dogo_Illela: Shi ne, sinadari ɗaya ne. Kuma wannan maganar taka ita ce abin da nake sha a kemis. Ranar nan nawa ya ƙare na shiga wani shago da takardar likita a hannuna, yaron ya kalle ni sama da ƙasa ya ce babu, ina fita na ji yana ce wa na kusa da shi ɗan ƙwaya ne. Ni mai 'ya'ya biyar. 'Yan shaye-shaye sun ɓata mana suna, su suna sha don maye mu muna sha don mu iya ɗaga cokali.

Nas_Asabe: Gaskiya ne, amma shi ma Artane ba alawa ba ne. Yana busar da baki, yana ɗaure ciki, yana sa gani dishi-dishi, tsofaffi yana iya riƙe musu fitsari ko ya ruɗa su. Kada wanda ya ƙara wa kansa. Kuma akwai wani motsi daban da ke zuwa bayan shekaru, baki na mamular abin da babu, harshe na fitowa, shi wannan Artane ba ya gyara shi, yana ma iya ƙara shi. Duk wanda ya ga haka a jikin nasa ya yi saurin faɗa.

Ummu_Khairat: Ni tunda ba a san ni ba a nan bari in faɗi nawa, ko wata za ta amfana. Ina budurwa aka sa ni a risferidon. Bayan wata huɗu al'adata ta ɗauke, sai kuma nono ya fara kawo ruwa har yana ɓata min riga. Gwaggona ce ta gani ranar da muke wanki. Kun san abin da ya biyo baya, aka tara ni a ɗaki ana tambayata wane ne, Baba ya kwana uku bai amsa gaisuwata ba, ni kuwa ko saurayi ba ni da shi. Sau biyu aka yi gwajin ciki babu komai. Sai da muka koma asibiti likitar ta ce maganin ne ke tayar da sinadarin da ke kawo nono, har maza yana iya kumbura musu ƙirji. Aka canja min, wata biyu komai ya dawo daidai. Gwaggo ta ba ni haƙuri amma wallahi har yau in na tuna kwana ukun nan sai na ji wani abu ya tokare min wuya. Da tun farko an ce mana ga abin da zai iya faruwa da duk ba a yi haka ba.

Maman_Ilham: Innalillahi. Allah ya saka miki 'yar'uwa.

Yar_Arkilla: Wannan ya sa ni kuka wlh.

Malam_Na_Gidan_Igwai: Ku dawo kan maganar yaron nan. Ni abin da ya tsaya min shi ne auren. Tela, yarinyar da iyayenta sun san kana shan magani? Don ina zargin ba ƙibar ce ke sa ka son ajewa ba, so kake amarya ta tare ba ta ga ƙwaya a ɗaki ba.

Tela_Mabera: Malam ka harbo ni. Ba su sani ba. Kawuna ya ce in yi shiru, wai da an ji Kware an gama, ko almajiri ba ya ba ni ɗiyatai.

Malam_Na_Gidan_Igwai: To ka ji. Kawunka yana son ka amma ba shi zai zauna da ita ba. Mace za ta kwana ɗaki ɗaya da kai, wata nawa za ka ɓoye? Kuma in ka aje maganin saboda ita, ga hidimar biki ga rashin barci ga bashi, lokacin ne ciwon ya fi samun ƙofa. Gara ta ji daga bakinka kana cikin hankalinka da ta gani da idonta ana riƙe da kai. Aure amana ne, lalura irin wannan ba a rufe ta.

Zaki_Sakkwato: Malam faɗi ka da sauƙi. Ni na hwaɗi gaskiya, sati bai cika ba anka maido min kayana har da goron. Yarinyar na so na, uwar ta ce ba ta haɗa jini da mahaukata. Shekarata bakwai ciwon bai tashi ba, ina aikina ina biyan haya, amma sunan bai bar ni ba. Kowa ka cewa a hwaɗi gaskiya, in ɗiyatai ta aka biɗa sai ka ga yadda zance ka canzawa.

Dogo_Illela: @Zaki_Sakkwato Allah ya musanya maka da mafi alheri. Ni na faɗa kuma aka ba ni, amma ba ni na je ni kaɗai ba, wan mahaifinta muka ɗauka muka je asibiti tare ya yi wa likita tambayoyinsa da bakinsa. Da ya ga layin mutane, ga malaman makaranta ga 'yan kasuwa ga mata da goyo, ya ce shi da ya ɗauka duk a ɗaure suke.

Abu_Sumayya: Ni dai ban ce kada a je asibiti ba, an juya min magana. Cewa na yi kada a manta da Allah.

Yar_Arkilla: Ba haka ka rubuta ba malam, hau sama ka karanta 😂

Bako_2020: Tambaya don Allah, wani abokina ne ya ce in tambaya. Shin maganin nan yana rage wa namiji ƙarfi? Shi tun da ya fara ba ya jin sha'awa kuma iyalinsa ta fara ƙorafi, yana tunanin sayen irin na masu jaka a kasuwa.

Zaki_Sakkwato: Gaishe min da abokin naka, ka ce mai mu ma abokinmu ya yi hama da shi.

Nas_Asabe: @Bako_2020 yana faruwa, musamman da risferidon da halofaridol da allurar wata, har da wasu magungunan damuwa irin su fuloksetin da sataralin. Yana cikin manyan dalilan da ke sa maza su daina sha a ɓoye. Ka ce wa abokinka ya daure ya faɗa wa likita, in yana jin nauyi ya nemi namiji, ana iya ragewa ko a canja. Na masu jaka kuwa ba wanda ya san abin da aka zuba a ciki, ga shi wasu magungunan namu dama suna saukar da jini in mutum ya miƙe tsaye, a haɗu biyu sai a tsince shi a ƙasa.

Hajiya_Runjin_Sambo: Ni litiyom nake sha shekara goma sha ɗaya, ciwona mai hawa da sauka ne, wani lokaci in yi ta rabon kayana ina surutu ba barci, wani lokaci in kasa tashi daga gado. Abin da nake so in ja hankalinku a kai shi ne zafin garin nan. Watan Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40 ga ba wuta, wannan maganin in jiki ya bushe taruwa yake a jini ya zama guba. Ya taɓa kama ni cikin azumi, na yi zawo kwana biyu ban fasa azumin ba ban fasa maganin ba, sai hannu ya fara karkarwa sosai ina tafiya kamar mai maye, magana na harɗewa, 'yata ce ta ce Mama wannan ba gajiya ba ce. Ashe kuma diklofenak da nake sha don gwiwa shi ma yana ƙara taruwarsa, shi da ibufurofen, ba wanda ya taɓa gaya min. Yanzu farasitamol kawai, kuma kafin kowane Ramadan sai na je an duba jinina mun zauna da likita. Shekarar da ya ce kada in yi na tambayi malamai suka ce ai marar lafiya Alƙur'ani ya ba shi rangwame, na rama da sanyi lokacin hunturu.

Dogo_Illela: Hajiya kin tuna min, mu masu Artane da Largactil ma zafin nan ba ya mana kyau, zufa ba ta fita yadda ya kamata. Largactil kuma rana na ƙona fata da shi, wani da muke layi tare manomi ne daga wajen Gwadabawa, wuyansa da hannuwansa duk sun yi baƙi sun sale, sai malafa da riga mai dogon hannu.

Ummu_Khairat: Tunda an zo maganar aure, mata masu shan Epilim, maganin farfaɗiya da ciwo mai hawa da sauka, ku yi magana da likita tun kafin ciki ba bayan ya shiga ba, yana iya yi wa jariri illa a ƙashin baya. Kuma Tegretol, shi ma na irin wannan ciwon, yana rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa, wata ƙawata da haka ta samu na huɗu tana shan ƙwayarta kullum.

Lauya_Ƙarami: Ƙarin bayani kawai, mutane da yawa ba su san an sauya doka ba. A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. A ciki akwai haƙƙin a yi wa marar lafiya bayanin maganinsa, a sa shi cikin shawara, kuma an hana wariya. Don haka tambayar likita illar magani ba rashin kunya ba ne.

Zaki_Sakkwato: Lauya a kai ma uwar yarinyar nan kwafi guda 😅 Doka na Abuja, mu muna nan. Ni yanzu abin da ad damuwata kuɗin magani na, abin da nika saye na wata ukku da, yanzu wata guda ba ya isa. Akwai watan da nir riƙa raba ƙwaya biyu don ta kai ni.

Nas_Asabe: Zaki raba ƙwayar nan ma ka faɗa, kada likita ya ga alamu ya ɗauka maganin ne ba ya aiki ya ƙara maka. In kuɗi ne ka ce kuɗi ne, akwai tsofaffin magunguna masu araha, akwai allura. Abu guda da ban faɗa ba ɗazu, duk mai shan irin waɗannan in ya yi zazzaɓi mai zafi tare da sandarewar jiki da ruɗewa, kada a tsaya cewa maleriya ce ko shawara, a kai shi asibiti a daren a kuma tafi da kwalin maganin.

Yar_Arkilla: Malam Tela batun yunwar dare, Babana abin da ya taimake shi mun daina barin tuwo a kwano, sai gyaɗa kaɗan ko kokwamba ko zogale, lemon kwalba kuma aka yanke gaba ɗaya, fura ba suga. Da yamma yana zaga unguwa da ƙafa. Bai koma yadda yake da ba amma ya sauke kilo shida ya tsaya nan.

Bello_Kabukabu: Hura ba suga ai hukunci na.

Tela_Mabera: Na karanta duka, wasu sau biyu. Allah shi saka ma kowa. Ban aje ba, daren jiya ma na sha, bayan Isha'i kai tsaye, kuma na ji kiran salla na biyu ko da yake ban iya tashi ba. Ranar ganin likitana sai nan da sati ukku, na rubuta abubuwan ga takarda, suga, nauyi, kwana, da wancan na abokin Bako don kada in shiga in ce lahiya lau. Maganar gaya musu kau har yanzu ban sani ba. In na tuna Dogo sai in ji ƙarhi, in na tuna Zaki sai gabana shi hwaɗi.

Malam_Na_Gidan_Igwai: Fara da yarinyar ko da waliyyinta? Wannan ma abin dubawa ne.

Zaki_Sakkwato: Da uwar. Dut wanda ya ce maka uba ka yanke magana bai yi neman aure garin ga ba.

Maman_Ilham: A'a ni ina ganin yarinyar, in ita ta tsaya uwar za ta sauko.

Dogo_Illela: @Yar_Arkilla sai yanzu na ga tambayarki, a'a ban taɓa faɗa ba, na ɗauka haka zan ƙare. Wace ƙwaya ce aka ƙara wa Baban naku?

Yar_Arkilla: Ban riƙe sunan ba, bari in na koma gida in duba katinsa.